Mai ɗaki ya san inda yake yoyo, amma wa ke riƙe da alƙalami?

Ranar Alhamis da ta wuce, a fadarmu ta bayan ɗakunan kwana, shayi na biyu bai sauka ba sai da muka kusa ɓatawa da wani abokina ɗan sashen tattalin arziki. Labarin kawuna na Amurka ne ya jawo. Na ce musu ruwa ya ɓata wa kawu gida, sai ya ɗauki wani mutum ya tsaya masa gaban kamfanin inshora, wato asiransi kamar yadda muke cewa a tasha, kuma mutumin ya karɓi kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka biya. Abokina ya tuntsure da dariya. Ya ce: "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Gidanka ya lalace, kai ka yi shekaru kana zuba kuɗi, sannan wani ɗan kamasho ya zo ya yanki nashi? Wanga ai kaska ne." Duk fada ta ce gaskiya ne. Ni kaɗai na tsaya ɗaya gefen, kuma da yake hayaniya ba ta bari na ƙarasa ba, ga maganata a rubuce.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Yana zaune a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa, kuma tuƙin babbar mota yake yi. Da bashin banki ya sayi gidansa, a can kuwa banki ba ya ba ka bashin gida sai ka yi wa gidan inshora. Saboda haka masu son mu fara da halacci ko haramci su ajiye wannan zuwa wani zaman, don shi ba zaɓi aka ba shi ba.

A ƙarshen Disamba 2022 aka yi wani sanyi da ya sauka har jihohin kudancin Amurka, waɗanda ba su saba da irinsa ba. Ruwa ya daskare cikin bututu, ƙanƙara kuwa ta fi ruwa cin wuri, sai bututun da ke bisa rufin ɗakin girki ya fashe. Gidajen can galibi katako ne da alluna, da wani abu mai kama da auduga a tsakani don tare sanyi. In ruwa ya shige su, abin da ido ke gani kaɗan ne, sauran yana cikin bango yana ruɓewa.

Bayan ƴan kwanaki kamfani ya aiko mutuminsa ya duba ɓarna. Mutum mai fara'a, in ji kawu, har takalmi ya cire a bakin ƙofa. Ya zaga, ya ɗauki hotuna, ya yi tambayoyi. Ya tambayi kawu yaya ɓarnar take. Kawu ya amsa yadda duk ɗan da aka yi wa tarbiyya a Maraɗi zai amsa: da sauƙi, mun gode Allah tunda ba a rasa rai ba. Ya tambaye shi ko ya taɓa ganin damshi a bangon. Kawu, don kada a ce ya ɓoye wani abu, ya ce ai gidan tsoho ne, akwai ɗan tabo can a kusurwa tun ranar da ya saya. Ya tambaye shi ina iyali suke kwana. Ya ce gidan wani ɗan garinmu, ba komi.

To, ku da kuke jin Hausa, akwai ƙarya ko ɗaya a cikin amsoshin nan? Babu. Amma kun san "da sauƙi" ba rahoto ba ne. Mutum yana kwance asibiti an ɗaura masa ruwa, ka ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Gobara ta cinye rumfarsa ƙurmus, ka je jaje, ya ce da sauƙi. A ajinmu mun koyi cewa magana tana da abin da take faɗa, tana kuma da aikin da take yi. Aikin "da sauƙi" shi ne nuna haƙuri da kare mutunci, don kada a ce ka raina ƙaddara. Shi kuwa wanda ke riƙe da alƙalami bai zo jaje ba. Ya zo auna ɓarna ne, ya ji mai gida da bakinsa ya ce kaɗan ce, ya rubuta kaɗan.

Tabon kusurwa ya fi wannan tsada. Takardar inshorar gida a Amurka tana raba ɓarnar ruwa gida biyu. Akwai wadda ta auku farat ɗaya ba da niyya ba, ita ake biya. Akwai wadda ta taru a hankali, yoyo na makonni ko watanni, ko tsufan gini, ko sakacin gyara, ita ba a biya. Bango ɗaya ne, ruwa ɗaya ne, amma sunan da aka sa masa shi ke yanke ko za ka samu ko za ka rasa. Da kawu ya ce "tun ranar da na saya", da hannunsa ya tura rabin ɗakin girkinsa daga gidan farko zuwa na biyu. Batun kwana kuma, takardarsa ta tanadi kuɗin masauki ga iyali in gida bai zaunuwa, amma abin da ka kashe ake mayar maka. Ɗan garinmu da ya sauke su mutum shida a falonsa, zumunci ya yi. Sai dai ladan zumuncin nan, a lissafin duniya, aljihun kamfani ya shiga.

Tayin da aka yi wa kawu bai isa gyaran rufi da daɓe ba. Ya kira ni da daddare.

"Ɗana, kai da ake cewa karatun harshe kake, bari in turo maka takardun nan ka duba mini."

"To kawu, turo."

Ya turo hotuna ta WhatsApp, shafi bisa shafi, har wayata ta cika. Na kwana biyu a kansu da ƙamus. Kalmomin ɗaya bayan ɗaya na san da yawansu, amma ma'anarsu a cikin takardar ba ita ce ta ƙamus ba. Akwai shafin da ke ba ka abu, shafi na gaba ya janye shi, wani ƙarin shafi can baya ya mayar maka da rabinsa bisa sharaɗi. Na kira shi na ce: "Kawu, wallahi wanga ya fi ƙarfina. Ba Ingilishi ba ne kaɗai, wani yare ne a cikin Ingilishi." Wani abokin aikinsa ne daga baya ya gaya masa akwai masu wannan sana'a.

A Amurka masu ƙiyasta ɓarna iri uku ne, kuma sunayensu kaɗai sun isa darasin awa biyu. Na farko ma'aikacin kamfanin inshora ne, albashinsa can yake, wannan ba ruɗu. Na biyu sunansa da Ingilishi yana nufin "mai zaman kansa". Kowa ya ji haka sai ya zaci alƙali ne da ba ruwansa da kowa, alhali kamfanin inshora ne ke ɗaukarsa haya, shi yake biyansa, shi yake kai wa rahoto. Na uku sunansa yana nufin "na jama'a", ka ce ma'aikacin gwamnati ne, alhali shi ne kaɗai a cikin ukun da mai gida yake ɗauka da kansa, don ya tsaya masa shi kaɗai. Gwamnatin jiha lasisi kawai take ba shi. Wanda ake kira mai zaman kansa na kamfani ne, wanda ake kira na jama'a na mutum ɗaya ne. Faransanci ma bai fi ba: expert d'assurance na kamfani, expert d'assuré naka. A baki, ƙarshen kalma kaɗai ya raba su, kuma mutumin da gidansa ke cike da ruwa ba shi da kunnen jin ƙarshen kalma. Ni da Hausa zan kira na ukun wakilin mai hasara, don sunan ya faɗi gefen da yake.

Abin da wakilin kawu ya yi ba sihiri ba ne. Ya zo da na'urar auna damshi ya bi bango, ya nuna ruwan ya kai ɗakuna biyu da ba a lissafa ba. Ya sa mai gyaran famfo ya rubuta cewa tsagewar bututun irin ta ƙanƙara ce, sabuwa, kuma tsohon tabon yana nesa da ita. Ya zaunar da kawu da matarsa suka rubuta duk abin da ya lalace, har tukwane da dardumar salla da buhun shinkafa, kowanne da shekarunsa da farashinsa. Ya bayyana masa bambancin kuɗin sayen sabo da kuɗin da ake ba ka bayan an cire tsufan kaya, da yadda ake karɓo abin da aka riƙe in an gama gyara an kai rasit. Sannan ya rubuta duka cikin yaren da kamfani yake ji. An yi wata biyar ana kai da komo. Abin da aka biya a ƙarshe ya ninka tayin farko har da ɗori.

Abokina zai ce labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne. Na yarda. To ga na dubban mutane.

A 2005 guguwar Katrina ta faɗa wa kudancin Amurka, madatsun ruwa na birnin New Orleans suka karye, ruwa ya shanye mafi yawan birnin. Inshorar gida ta yau da kullum a can tana biyan ɓarnar iska, ba ta biyan ambaliya. Ambaliya tana da tsarinta dabam na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa a 1968, kuma mutane da yawa ba su saye shi ba. Sai gardama ta tashi gida bayan gida: iska ce ta rushe shi ko ruwa? Wasu masu gidaje suka je kotu suka ce kalmar "ambaliya" a takardarsu tana nufin wadda ta zo daga Allah, ba ruwan da ya shigo don ɗan Adam ya gina madatsa da sakaci ba. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a'a, ambaliya ambaliya ce, ko mi ya kawo ta. Ma'anar kalma ɗaya, gidajen dubban mutane. Duk wanda ya sake tambayata mi ake ci da ilimin harshe, wannan shari'a zan ba shi.

Bayan guguwar Sandy ta 2012 kuma, a yankin Niyok da makwabciyarta, abin ya wuce gardamar ma'ana. An gano rahotannin injiniyoyi da aka sauya bayan sun bar hannun waɗanda suka je suka duba gidajen. Wanda ya gani da ido ya rubuta ambaliya ce ta lalata gini, takardar da ta iso hannun mai gida ta ce tsohon motsin ƙasa ne. Da abin ya fito fili, a 2015 hukumar agajin gaggawa ta tarayya ta buɗe wa masu takardun ambaliya fiye da dubu 140 ƙofar a sake duba nasu. Ban ce kowane ma'aikacin kamfani maƙaryaci ne ba. Wanda ya je gidan kawu bai yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da aka gaya masa ya rubuta. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai biya, shi ya rubuta sharuɗɗa, shi ya aiko mai aunawa, shi zai fassara kalmomin in an yi saɓani. A kasuwar dabbobi ta ƙauye ma ba mai yarda da haka. Ba wanda zai kai bijiminsa ya ce wa mai saye: kai ka duba haƙora, kai ka yanka farashi, abin da ka ba ni na gode.

Yanzu batun la'ada, inda abokina ya fi ƙarfi. Da gaske ne wakilin mai hasara daga cikin kuɗinka yake ci. Wasu jihohi sun sa masa iyaka: Teksas kashi 10 cikin 100, Niyok 12.5, Fulorida 20, amma 10 in bala'i ne da gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, cikin shekarar farko. Mu yi lissafi da dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A ce kamfani ya yi maka tayin 12,000. Wakili ya shiga, aka kai 30,000. Ya ɗauki 3,000, ka tashi da 27,000. Ina kaskar take? Amma a ce ya shiga ya yi ta ƙoƙari aka kai 13,000 kacal, ya cire kashi 10 daga dukkan kuɗin, ka tashi da 11,700. Ka ga nan ka yi hasara, ka kuma ɓata watanni. Shi ya sa mai wayo yake ciniki tun farko a kan ko la'ada daga duka kuɗin za a cire, ko daga abin da ya ƙaru bisa tayin farko. Ƙaramar ɓarna kuma, taga ɗaya ko kwano biyu, ba ta buƙatar wakili, wayarka da haƙurinka sun isa. A 2010 wani ofishin bincike na majalisar dokokin Fulorida ya duba wannan, ya samu cewa masu wakili sun fi samun kuɗi, amma sun fi daɗewa kafin a biya su. Duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ke kwana a falon wani ya san nauyin na biyun.

Ba kuma zan wanke su duka ba. Mutumin da ke cin kaso yana da dalilin kumbura lissafi, kamar yadda na kamfani yake da dalilin matse shi. Bayan kowace guguwa akwai masu bin gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, takarda a hannu, suna son ka sa hannu kafin hankalinka ya dawo. Akwai masu haɗa baki da ƴan kwangilar gyara. Akwai wanda zai ce ka ƙara talabijin da ba ka taɓa mallaka ba, kuma in aka kama, kai za a soke wa komi, sunanka ne a takarda. Maganin wannan sananne ne: ka duba lasisinsa a hukumar inshora ta jiha, ka karanta yarjejeniyarsa, ka san kwanakin da doka ta ba ka na janyewa, kada ka sa hannu ranar da abin ya faru. Ka kuma san shi ba lauya ba ne. In kamfani ya ce sam wannan ɓarna ba ta cikin takarda, maganar ta bar hannunsa ta koma ta lauya.

Amma lura da abin da abokina ya yi. Ya ga mutum biyu suna cin abinci daga hasarar kawu, sai ya zagi wanda kawu ya gani yana yanka. Na kamfani ma ai kawu ne ke biyansa, cikin kuɗin da yake zubawa kowace shekara, sai dai ba a rubuta masa hakan a rasit ba. In akwai abin fushi a nan, kuma akwai, shi ne a sayar maka da alkawari cikin yaren da sai ka sake biyan tafinta kafin ka karɓi abin da aka yi maka alkawari. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Fushin nan mai rubuta takarda ya cancance shi. Kakanninmu sun ga zamanin tafintan kumandan, wanda makomar mutum ke rataye a bakinsa, kuma ba su ce kada a nemi mai jin yaren ba. Lakwal suka riƙa sa ɗiyansu don gida ya samu nasa.

Na san tambayar da ke bakin wasu: mi ya haɗa mu da wannan, mu da gidajenmu na laka ba wanda ya taɓa yi musu inshora? A damanar 2024 ruwa ya kashe mutum fiye da 300 a ƙasar nan, ya shafi fiye da miliyan 1, Maraɗi ta ji jiki, tsohon masallacin Birni a Zinder ya faɗi, aka ɗage komawa makaranta har ƙarshen Oktoba. Ba kamfanin da aka jira. Gaskiya ne, kuma ba zan yi kamar Greensboro da Maraɗi abu ɗaya ne ba. Sai dai asiransi yana nan tare da mu ko mun so ko mun ƙi: duk mai mota yana da takardarsa, manyan ƴan kasuwa suna yi wa shaguna da kaya, mu kuma da muke karatu gobe mu ne za mu sa hannu a irin waɗannan takardu, ko mu rubuta su. Nijar tana cikin ƙasashen da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, dokar inshora ɗaya ce ke aiki a cikinsu duka. Dokar ta ce a rubuta takardar inshora cikin harshen hukuma na ƙasa. A aikace, Faransanci ke nan. A Maris 2025 sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mun yi murna, wasu har da waƙa. Ni tambayata ƙarama ce: wa ya taɓa ganin takardar asiransi da Hausa? In gobe aka ce a rubuta, muna da kalmomin?

Na gwada. Daren Juma'a na sa abokin nan nawa mai dariya ya kawo takardar asiransin motar babansa, muka zauna mu huɗu, biyu daga sashenmu. Franchise muka ce "kason mai kaya", wato abin da za ka ɗauka da kanka kafin kamfani ya fara biya. Wannan bai ba mu wuya ba. Vétusté muka yi ta ja, wani ya ce "tsufa", wani ya ce "cin jiki", na ce "ragin tsufa", tunda a takarda kuɗi ne ake cirewa. A kan déchéance muka tsaya cik. Ma'anarta haƙƙinka yana nan, ɓarnar tana cikin takarda, amma ka rasa shi don ka saɓa wani sharaɗi, misali ka yi jinkirin sanar da kamfani. Muka nemi wa'adin a cikin shafukan, muka same shi: kwana 5 na aiki ga hatsari, awa 48 ga sata.

Abokina ya yi shiru. Can ya ce bara an fasa motar a tasha an kwashe batir da rediyo, kuma babansa sai da ya yi mako biyu yana karɓar jaje kafin ya tuna da takardar. Ya ɗauki wayarsa ya fita waje. Muna jin sa yana cewa: "Baba, ranar da kuka je ofishin nan, mi suka ce muku daidai?"